Ma'anar Cunkoson 'Yan Yawon Buɗe Ido da Hannun da Kafofin Sada Zumunta Ke da Shi a Ciki

Cunkoson 'yan yawon buɗe ido, wanda jaridun Turai suka fara yawan ambatonsa da sunan overtourism tun wajen shekarar 2017, shi ne halin da gari ko wani wuri ke shiga idan baƙin da ke zuwa kallonsa suka yi yawan da ya fi ƙarfinsa. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a wani rahoto da ta fitar a 2018, ta ɗora ma'aunin abin a kan mutum biyu, wato ɗan gari da baƙo: idan rayuwar ɗan gari ta ƙuntata saboda ziyarar da ake kawo wa garinsa, ko kuma shi kansa baƙon ya kasa samun daɗin da ya baro gida dominsa, to an wuce gona da iri. Masana muhalli kan ƙara da na uku, wato ɓarnar da ƙafafu da shara da jiragen ruwa ke yi wa ƙasa da tsirrai da halittun ruwa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, yawan baƙi kaɗai ba shi ne matsalar ba. Babban birni kamar Landan yana karɓar miliyoyin mutane a shekara ba tare da ya girgiza ba, domin yana da hanyoyi da jiragen ƙasa da masaukai da za su ɗauke su. Amma ƙauyen Hallstatt na ƙasar Ostiriya, wanda mazaunansa ba su kai 800 ba, yakan wayi gari da baƙi har 10,000 a rana guda a lokacin da ziyara ta fi yawa, kuma duk suna neman tsayawa ne a kan lungu ɗaya da ake hango coci da tafki da duwatsu a tare. Saboda haka ana auna cunkoson ne da wuri da lokaci da kuma ƙarfin wurin: ruwan sha nawa yake da shi, wa zai kwashe shara, motoci nawa hanyar za ta ɗauka, gidaje nawa suka rage wa masu haya 'yan gari. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, domin ana sa ran hantsi na ɗagawa zai kama gabansa. A irin waɗannan garuruwa kuwa, kafin na jiya ya tafi na yau ya iso, sai ya zama ɗan gari ne ke neman inda zai raɓa.

Kafin a ɗora wa wayar hannu laifi, yana da kyau a duba yadda tafiye-tafiyen duniya suka bunƙasa. A 1950, adadin tafiye-tafiyen ziyara daga wata ƙasa zuwa wata bai wuce miliyan 25 ba. Ya haura biliyan 1 a 2012, ya kusa biliyan 1.5 a 2019, sannan bayan tsaikon annobar korona ya farfaɗo zuwa kimanin biliyan 1.4 a 2024. Abubuwan da suka kawo haka sanannu ne: kamfanonin jiragen sama masu arha, da manyan jiragen ruwa na shaƙatawa waɗanda ke sauke dubban mutane a gari cikin sa'a guda, da ƙaruwar masu abin hannu a ƙasashe irin su Sin da Indiya, da kuma manhajoji irin su Airbnb waɗanda suka mayar da gidajen zama masaukin kwana biyu ko uku. Birnin Benis na Italiya, wanda aka gina a kan ruwa, yana da mazauna kusan 175,000 a tsohon garinsa a farkon shekarun 1950, amma a 2022 sun gaza 50,000, kuma akasarin wannan ƙaura ta faru ne tun kafin a ƙirƙiro Instagram a 2010. Don haka duk wanda ya ce kafofin sada zumunta ne suka haifi matsalar bai yi wa tarihi adalci ba.

Aikin da kafofin suka yi daban ne, kuma a ganina ya fi wuyar magani: sun tattara jama'a wuri ɗaya, sun kuma ƙara wa abin sauri. A da, matafiyi kan dogara da littafin jagora ko shawarar wanda ya taɓa zuwa, labarin wuri kuma kan ɗauki shekaru kafin ya bazu. Yanzu kuwa mutum ɗaya ne zai ɗora hoto ko ɗan gajeren bidiyo, ya maƙala masa alamar da ke nuna ainihin inda ya tsaya a taswira. Idan mutane suka nuna sha'awa, tsarin manhajar, wanda aka gina shi domin ya riƙa tura wa jama'a abin da ya fi jan ido, sai ya kai hoton gaban miliyoyi. Wasu daga cikinsu za su je, su ɗauki irin hoton sak, su ma su ɗora, ta yadda kowane baƙo ya zama ɗan talla wanda ba a biya ba. Dutsen Trolltunga na ƙasar Norway, wani falalen dutse da ya miƙo bisa tafki kamar harshe, bai samun masu ziyara 1,000 a shekara wajen 2010, amma a 2016 sun haura 80,000, duk da cewa zuwa da dawowa tafiyar ƙafa ce ta yini guda cur.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na garin Fujikawaguchiko a Japan. Akwai wani ƙaramin kanti na kamfanin Lawson a bakin titi, irin wanda ake da dubbansa a faɗin ƙasar, ba shi da wani tarihi ko ƙawa. Sai dai idan mutum ya tsaya a tsallaken titin ya ɗaga waya, Dutsen Fuji kan fito kamar an ɗora shi a kan rufin kantin. Hoton ya bazu, jama'a suka yi ta tururuwa, suna cika 'yar siririyar hanyar masu tafiya a ƙasa, suna tsallaka titi ba tare da duba mota ba, suna zubar da shara, suna ajiye motoci a harabar wani asibitin haƙori da ke wurin. Da gargaɗi da masu gadi suka gaza, sai hukumar garin ta kafa wani baƙin labule mai tsayin mita 2.5 da tsawon mita 20 a watan Mayun 2024 domin ta tare dutsen daga idon kyamara. Ba a yi mako guda ba aka tarar an huda shi a wurare da dama, kowace huda daidai girman idon kyamarar waya. Abin lura a nan shi ne, ana iya ganin Dutsen Fuji daga ɗaruruwan wurare a wannan yanki, wasunsu ma sun fi kyau nesa ba kusa ba, amma mutanen ba dutsen suka zo gani ba, wancan hoton suka zo ɗauka.

A tsibirin Bali na Indonesiya abin ya ma wuce haka. A wurin bautar Hindu na Lempuyang akwai wata ƙofa mai ginshiƙai biyu wadda hotunanta ke nuna tafki kwance a gabanta, yana mayar da surar mai tsayuwa. Baƙi kan karɓi lamba su yi jiran sa'o'i kafin layi ya zo kansu, sai a nan ne da yawa ke gano cewa babu tafkin ko kaɗan, wani ɗan madubi ne mai ɗaukar hoton ke riƙewa a ƙarƙashin idon wayar. Duk da haka yawancinsu sukan tsaya a ɗauke su, su ɗora hoton ba tare da sun tona asirin ba, na baya kuma su biyo sahu.

Batun sauri kuwa, garin Roccaraso da ke cikin duwatsun Italiya ya ga aya a watan Janairun 2025. Bayan wata shahararriyar 'yar TikTok daga Napoli ta wallafa bidiyon ƙanƙarar da ta sauka a can, kamfanonin sufuri suka shirya tafiyar yini mai arha, aka wayi gari ranar wata Lahadi da bas sama da 200 ɗauke da mutane kimanin 10,000 a garin da mazaunansa ba su wuce 1,500 ba. Babu hukumar da za ta iya gina banɗaki ko faɗaɗa titi cikin kwana uku. Irin wannan baƙo mai shan ruwan tsuntsaye, wanda ke zuwa da guzurinsa ya koma kafin magariba, shi ne ya fi yi wa gari nauyi, domin yana amfani da komai amma kuɗin da yake bari kaɗan ne. Sai dai a nan akwai abin da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba: wasu 'yan Italiya sun ga ƙyamar talaka a cikin sukar da aka yi wa mutanen Napoli, kuma suna da hujja, domin ba a cika jin ƙorafi ba idan masu kuɗi ne suka cika otal-otal. Duk wata magana a kan rage baƙi tana ɗauke da tambayar wane ne za a hana, kuma sau da yawa amsar takan faɗa kan mai ƙaramin ƙarfi.

An taɓa tunanin cewa kafofin da suka tara jama'a za su iya warwatsa su. Hukumomin tsibiran Balearic na Sifaniya sun gwada haka, inda suka ƙarfafa wa masu yawan mabiya gwiwa su riƙa tallata wuraren da ba a sani ba domin a rage wa sanannun nauyi. Sakamakon ya zo a juye. Wani ɗan lungun teku a Mallorca, ɗaya daga cikin tsibiran, mai suna Caló des Moro, wanda bai fi ɗaukar mutum 100 ba, ya koma karɓar kimanin 4,000 a rana, har shugabar ƙaramar hukumar ta fito a 2024 tana roƙon a daina ambatonsa. Maimakon a raba cunkoson, sai aka haifar da sabo.

Daga nan ne wasu garuruwa suka koma ɓoye kansu. A Barselona, motar bas mai lamba 116, wadda tsofaffin wata unguwa mai tudu ke dogara da ita, ta daina samun wurin zama saboda masu zuwa lambun Park Güell, sai aka cire layin daga taswirar Google a 2024, kuma mazauna suka ce sun ga sauƙi. Wasu kuma suka sa kuɗi: Benis ta fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini guda a ranaku 29 na 2024, ta tara sama da yuro miliyan 2, amma masu suka sun ce yawan jama'a bai ragu ba, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda wanda ya biya kuɗin jirgi daga wata nahiya ba zai fasa saboda yuro 5 ba. Matakin da ya fi nuna sakamako a zahiri shi ne ƙayyade adadi. Tailan ta rufe gaɓar Maya Bay a watan Yunin 2018 bayan dubban baƙi da kwale-kwale masu inji sun kashe akasarin murjanin da ke ƙarƙashin ruwan, ba ta sake buɗewa ba sai Janairun 2022, da sharaɗin jiragen ruwa ba za su shiga cikin gaɓar ba kuma ba za a yi iyo ba, kuma a tsakanin nan kifayen shak da suka gudu sun dawo. Wanda ya je Madina a 'yan shekarun nan ya san irin wannan tsari, domin ba a shiga Rauda sai da izinin da aka nema ta manhajar Nusuk, a ranar da aka ba mutum da sa'ar da aka ba shi. Ziyarar ibada ba yawon buɗe ido ba ce, amma lissafin ɗaya ne: wuri yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda.

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne abin da ake kira tafiya bisa sanin ya kamata, wanda aka tsara manufofinsa a wani taro da aka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2002. Jigonsa shi ne ziyara ta amfani mazauna wuri kafin ta amfani baƙo, kuma kowa ya ɗauki alhakin nasa ɓangaren. Ga matafiyi, wannan na nufin ya zaɓi lokacin da ba a cika ba, ya kwana a garin maimakon ya leƙa ya wuce, ya ci abinci ya yi sayayya a hannun 'yan gari, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum ko gidansa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a unguwar Gion ta birnin Kyoto na Japan sai da aka sa tarar yen 10,000 a kan ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, saboda yadda baƙi ke bin mata masu sana'ar nishaɗin gargajiya da kyamara, har wasu na jan tufafinsu. Ga mai ɗora hoto kuma, akwai shawarar da hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole a Amurka ta fara yaɗawa a 2018, cewa a ambaci sunan yanki gaba ɗaya maimakon a nuna ainihin tafki ko kwazazzabon da aka tsaya. Haka nan mai mabiya da yawa yana da nauyin faɗin gaskiya game da layi da jira da dokokin wuri, tunda hoton da aka yanke cincirindon jama'a daga cikinsa wani nau'i ne na yaudara.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa kyawun halin matafiyi zai warware matsalar. Ba baƙo ne ke ba da lasisin mayar da gidan zama masauki ba, ba shi ne ke faɗaɗa filin jirgi ko ƙayyade jiragen ruwa nawa za su tsaya a tasha ba. Magajin garin Barselona, Jaume Collboni, ya gane haka lokacin da ya sanar a watan Yunin 2024 cewa za a soke lasisin gidajen saukar baƙi kimanin 10,000 kafin ƙarshen 2028, domin kuɗin haya ya fi ƙarfin 'ya'yan garin. Makonni kaɗan bayan haka masu zanga-zanga suka fita suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara, a tsibiran Canary na Sifaniya ma dubban mutane sun riga sun yi tattaki tun a watan Afrilun shekarar. A wannan shekarar dai Sifaniya ta karɓi baƙi kusan miliyan 94 daga ƙasashen waje, adadin da ba ta taɓa samu ba kafin nan, kuma sana'ar na samar da fiye da kashi 12 cikin 100 na arzikin ƙasar. Wannan ne ya sa gwamnatoci ke jan ƙafa wajen ƙayyade adadi, kuma shi ya sa a ƙasashe da dama za a tarar wani ofishi yana kafa shinge, wani ofishin kuma na biyan masu yawan mabiya kuɗi domin su ƙara tallata ƙasar.