Taƙaddamar Shari'a kan Kamannin 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka a Wasannin Bidiyo

Taƙaddamar shari'a kan kamannin 'yan wasan jami'o'i jerin ƙararraki ne da aka fara shigarwa a kotunan Amurka a shekarar 2009, inda tsofaffin 'yan wasan ƙwallon kwando da na zari-ruga irin ta Amurka suka ƙalubalanci kamfanin wasannin bidiyo na Electronic Arts, da hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasar wadda aka fi sani da NCAA, da kuma kamfanin Collegiate Licensing Company mai sayar da lasisin tamburan jami'o'i. Ƙorafinsu shi ne an zana siffofinsu cikin wasannin da ake sayarwa a kasuwa ba tare da izininsu ba, kuma ba a ba su ko sisin kwabo ba. Rikicin ya sa an daina fitar da wasan zari-ruga na jami'o'i daga 2013 har zuwa 2024, amma babban tasirinsa ya wuce nan, domin shi ne ya fara girgiza ƙa'idar da ta hana ɗalibai 'yan wasa cin moriyar sunansu.

Tushen rikicin

An kafa hukumar NCAA a 1906, kuma tun daga farko ta tsaya a kan cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne da ke wasa don sha'awa, ba ma'aikaci ba. Abin da aka yarda a ba shi shi ne tallafin karatu, wato kuɗin makaranta da masauki da abinci da littattafai. Kafin 2021, idan ya karɓi kuɗi don ya yi talla ko don ya sa hannu a kan riga, yana iya rasa damar buga wa makarantarsa wasa. A lokaci guda kuma wasannin sun zama babbar kasuwa. A 2010 hukumar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 14 da tashoshin CBS da Turner kan dala biliyan 10.8 don nuna gasar ƙwallon kwando ta maza kaɗai, masu horarwa na manyan jami'o'i kuma suna ɗaukar albashin miliyoyin daloli. Wannan yanayi na kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi, shi ne ya daɗe yana ci wa 'yan wasan tuwo a ƙwarya.

Kamfanin Electronic Arts ya fara fitar da wasan zari-ruga na jami'o'i a 1993, daga baya ya sa masa suna NCAA Football, ya kuma yi irinsa na ƙwallon kwando. Tun da dokokin hukumar sun hana a yi kasuwanci da sunayen ɗalibai, sai kamfanin ya bar sunayen, ya riƙe duk sauran. Ɗan wasan da ke cikin na'ura yana sanye da rigar jami'ar da lambar mutumin na gaskiya, yana tsaye a matsayinsa na fili, tsayinsa da nauyinsa da launin fatarsa da jihar da ya fito duk sun yi daidai da na ainihi, ana kiransa da matsayinsa da lambarsa kawai. Bugu da ƙari, wasan ya ba masu saye damar sauke cikakken jerin sunaye daga intanet su ɗora a kan 'yan wasan, ta yadda ɓoye sunan ya zama abin da ba ya ɓoye komai.

Ƙararraki uku

A watan Mayun 2009 Sam Keller, wanda ya jagoranci kai hari a ƙungiyoyin jami'o'in Arizona State da Nebraska, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Kalifoniya. Ryan Hart na jami'ar Rutgers ya shigar da irinta a jihar New Jersey a wannan shekarar. Su biyun sun dogara ne da haƙƙin da dokokin jihohi suka ba kowane mutum na ya mallaki amfanin kasuwanci na sunansa da hotonsa, haƙƙin da wata kotun ɗaukaka ƙara ta fara fayyacewa a 1953 a shari'ar kamfanonin cingam da ke saka hotunan 'yan wasa cikin kayansu.

Ƙara ta uku, wadda ta fi yin suna, ta Ed O'Bannon ce, gwarzon ƙwallon kwando da ya ci wa jami'ar UCLA kofin ƙasa a 1995. Shekaru da dama bayan ya bar wasa, yana sana'ar sayar da motoci a jihar Nevada, ya ga kansa a gidan wani abokinsa cikin wasan bidiyo: mutum mai aske kai ƙwal, bahago, sanye da lamba 31 ta UCLA. A watan Yulin 2009 ya kai ƙara, sai dai ya bi wata hanya dabam. Maimakon dokar kamanni, ya kafa hujja da dokar Sherman ta 1890 mai hana haɗa baki don danne gasa a kasuwa, yana cewa jami'o'i sun haɗa kai ta hannun NCAA sun yanke farashin kamannin 'yan wasa a kan sifiri. Tsofaffin fitattu irin su Oscar Robertson da Bill Russell sun shiga cikin masu ƙara daga baya.

'Yancin faɗin albarkacin baki da haƙƙin kamanni

Electronic Arts ya kare kansa da gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin a 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wasannin bidiyo aikin fasaha ne da ke da kariya kamar littafi da fim. A wannan shekarar ma kotun farko ta ba kamfanin gaskiya a shari'ar Hart. Tambayar da ta rage ita ce inda 'yancin mai fasaha yake ƙarewa, haƙƙin wanda aka zana ya fara.

Kotunan ɗaukaka ƙara guda biyu sun yi amfani da ma'aunin da Kotun Ƙolin Kalifoniya ta kafa a 2001, wanda ke duba ko mai fasaha ya sauya siffar mutum ya mai da ita sabon abu na kansa, ko kuwa kwafe ta kawai ya yi. A watan Mayun 2013 kotun yanki na uku ta soke nasarar kamfanin a shari'ar Hart, a ranar 31 ga Yuli kuma kotun yanki na tara ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Keller. A duka biyun alƙalai biyu ne suka rinjayi ɗaya. Masu rinjaye sun ce wasan yana nuna mutumin yana yin ainihin abin da ya yi suna a kai, a ainihin filin da ya saba bugawa, don haka babu wani sauyi da zai cancanci kariya. A taƙaice, kamanceceniya da zahiri, wadda ita ce kamfanin yake tallata wa masu saye, ita ce ta kayar da shi a kotu.

Ra'ayin marasa rinjaye bai kamata a yi watsi da shi ba. Mai shari'a Sidney Thomas na yanki na tara ya ce ya kamata a dubi wasan gaba ɗayansa, da dubban 'yan wasan da ke ciki da labaran da mai wasa yake ƙirƙira, ba siffar mutum guda ba, ya kuma yi gargaɗin cewa wannan ma'auni zai iya shafar fina-finan tarihi da ke nuna mutanen gaske. Abin lura shi ne a wannan ranar ce dai kotun ta ƙi amincewa da ƙarar tsohon ƙwararren ɗan wasa Jim Brown kan Madden NFL, wani wasan bidiyo na wannan kamfani, saboda shi ya kafa hujja da dokar alamar kasuwanci, wadda ke da wani ma'auni mai sassauci ga masu fasaha. Kotu ɗaya da kamfani ɗaya, amma sakamako biyu, kuma har yanzu masana shari'a suna kawo wannan a matsayin shaidar cewa dokar ba ta daidaita ba.

Sulhu da hukuncin O'Bannon

A watan Yulin 2013 NCAA ta sanar cewa ba za ta sabunta yarjejeniyarta da kamfanin ba. A watan Satumba Electronic Arts ya ce ba zai fitar da sabon wasa ba, shi da kamfanin lasisi suka amince su biya dala miliyan 40, ita kuma NCAA ta ƙara miliyan 20 a 2014. Da aka cire kuɗin lauyoyi aka raba wa dubban 'yan wasa, abin da kowa ya samu bai taka kara ya karya ba. NCAA Football 14 ya zama na ƙarshe a wannan jeri.

NCAA ta ƙi yin sulhu da O'Bannon, aka tafi zaman shari'a a birnin Oakland. A ranar 8 ga Agustan 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin hukumar sun saɓa wa dokar hana danne gasa, ta ba jami'o'i damar biyan cikakken kuɗin da karatu yake ci, da kuma ajiye wa ɗan wasa har dala 5,000 a shekara ya karɓa bayan ya bar makaranta. A watan Satumban 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke batun dala 5,000, amma ta tabbatar da cewa NCAA ba ta fi ƙarfin wannan doka ba. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2016. Ta fuskar kuɗi nasarar ƙarama ce, ta fuskar ƙa'ida kuwa ita ce ƙofar da ƙararrakin da suka biyo baya suka bi.

Abin da ya biyo baya

Kalifoniya ta kafa doka a 2019 wadda ta ba 'yan wasan jami'o'inta damar karɓar kuɗin talla, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yunin 2021 dukkan alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston kan taƙaita tallafin da ya shafi karatu, daga ranar 1 ga Yuli kuma hukumar ta janye haramcin cin moriyar suna da hoto da kamanni. A watan Yunin 2025 mai shari'a Wilken ta amince da sulhu a wata ƙarar 'yan wasa da aka sani da shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Wasan bidiyon ya dawo a watan Yulin 2024 da sunan EA Sports College Football 25, da ƙungiyoyi 134 da sunayen 'yan wasa fiye da 11,000 waɗanda suka amince da kansu. An ba kowannensu dala 600 da kwafin wasan, adadin da wasu masu fafutukar haƙƙin 'yan wasa suka ce ya yi kaɗan idan aka dubi cinikin da aka yi, kuma a fitowa ta gaba an ɗaga shi zuwa dala 1,500. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya da ke gudu da ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka, ba su ci moriyar sabon tsarin yadda takwarorinsu suka ci ba, domin bizar karatu ta taƙaita irin aikin da za su yi don kuɗi a cikin ƙasar, kuma karya sharuɗɗanta na iya jawo wa ɗalibi rasa izinin zama.