Waiwaye: Yadda kasuwanci da horon soja suka shiga manhajar jami'a

Ɗalibin da ya gama Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi yakan ci karo da abu biyu da bai nema ba: darasin koyon sana'a na dole, sai kuma faretin mako uku a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, irin na Dakingari. Dukansu suna da tsohon asali.

Tushen yana Amurka. A 1819 Alden Partridge, tsohon shugaban makarantar sojoji ta West Point, ya buɗe makarantar da ta zama Jami'ar Norwich, inda farar hula ke karatu suna kuma koyon aikin soja. Amma abin da ya baza tsarin shi ne dokar Morrill, wadda Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, ga ƙarancin hafsoshi. Dokar ta ba kowace jiha eka 30,000 na fili a kan kowane ɗan majalisar tarayya da take da shi, ta sayar ta kafa kwaleji mai koyar da noma da aikin injuna, haɗe da dabarun soja.

A nan matsalar ta fara. Dokar ba ta faɗi awa nawa za a yi a mako ba, ba ta faɗi wanda zai koyar ba, ba ta kuma tanadi bindiga ko kaki ba. Kowace kwaleji ta yi yadda ta ga dama, wasu suka miƙa faretin ga duk malamin da ya taɓa zuwa yaƙi. A 1866 majalisa ta amince a tura hafsoshi 20 kacal zuwa kwalejoji. Sai a 1916, da aka kafa ROTC, shirin horar da ɗaliban kwaleji su zama hafsoshin ko-ta-kwana, horon ya samu manhaja ɗaya da malamai da kayan aiki. Shekara 54 ke nan ana lalube.

Kasuwanci ya shigo ta wata ƙofar. A 1881 attajiri Joseph Wharton ya ba Jami'ar Pennsylvania dala 100,000 don a koyar da lissafin kuɗi da dokokin ciniki da haraji, a lokacin da yawancin 'yan kasuwa ke ganin shago ne kaɗai makarantar ciniki.

Da tsarin ya iso Najeriya, sai aka raba gari. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ta ɗauki noma da kasuwanci. A Arewa, cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da akawu, ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Horon soja kuwa ya tsaya a gidansa: makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, da aka kafa a 1964, ta fara karatun digiri a 1985. Abin da ya rage wa farar hula shi ne sansanin yi wa ƙasa hidima (NYSC), wanda gwamnatin Gowon ta kawo a 1973. Ƙasar Zuru, wadda ta yi suna wajen ba da sojoji, jami'ar noma ta samu.

Abin da ke damun mai lura shi ne, kuskuren dokar Morrill ne ake maimaitawa a darasin sana'a da aka wajabta wa jami'o'inmu wajen 2007. An ba da umarni, kayan aiki bai biyo baya yadda ya kamata ba. Ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, malami ɗaya, kuma yawan makin yana kan jarrabawar takarda, don haka hadda ce ke ci. Alhali abin da ake buƙata a bayyane yake. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kada su wuce goma. A ba kowane rukuni ɗan jari da littafin shiga da fita. Su sayi shanshera a Argungu ko Suru, su lissafa kuɗin mota da lodi da turarawa da casa, su auna abin da ya tafi a ɓuntu da karyayyar ƙwaya, sannan su yanka farashi. Galibin masu farawa a nan suke faɗuwa: suna lissafa riba a kan buhun da suka saya, ba a kan tsabar da ta fito daga inji ba, kuma suna manta bashin da suka bayar. Littafin nan ya kamata malami ya duba ya ba da maki a ƙarshen zango.