Tsimin makamashi a matatun ruwan sha da na ƙazamin ruwa

Tsimin makamashi a harkar ruwa na nufin matakan da hukumomin ruwa na gwamnati ke ɗauka don rage wutar lantarki da man da suke ƙonawa wajen ɗebo ruwa, tace shi, kai shi ga jama'a, da tsabtace ƙazamin ruwan da ya dawo daga gidaje da masana'antu, ba tare da an rage yawan ruwan ko ingancinsa ba. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2014 ɓangaren ruwa ya ci kusan kashi 4 cikin 100 na wutar lantarkin duniya. A Amurka kuwa, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce a garuruwa da yawa matatun ruwa kan lashe kashi 30 zuwa 40 na makamashin da hukumar gari ke amfani da shi.

Tura ruwa

Ruwa abu ne mai nauyi. Kubik mita ɗaya, wato lita 1,000, nauyinsa tan guda ne. Ɗaga shi zuwa tsayin mita 100 na buƙatar kusan kilowat-awa 0.27 ko da injin ba ya asarar komai, kuma babu irin wannan injin. Famfon da ke amfani da kashi 70 na wutar da ya sha zai ci kusan 0.39, wanda ya tsufa ya koma kashi 50 kuma zai ci kusan 0.55 a kan aiki iri ɗaya. Shi ya sa a ɓangaren ruwan sha tura ruwa ke cin kaso mafi tsoka na wuta, sau da yawa kusan kashi 80, tacewar kanta ta ɗauki ɗan abin da ya rage.

Babbar matsalar ita ce famfunan da suka fi ƙarfin aikinsu. Injiniyoyi kan zaɓi babba saboda hasashen ƙaruwar jama'a da gudun gazawa a ranar da buƙata ta yi yawa. Famfon sai ya shekara yana tura ruwan da ya wuce buƙata, ma'aikata kuma su matse bawul, wato makunnin da ke buɗe ko toshe bututu, don rage gudun ruwan. An biya kuɗin wutar da ta samar da matsin, sannan an kashe matsin a bakin bawul.

Maganin da aka fi sani shi ne na'urar da ke rage ko ƙara saurin juyin injin gwargwadon buƙata. Wutar da famfo mai farfela ke ci tana bin saurin juyinsa ne idan aka ninka shi da kansa har sau uku (sauri × sauri × sauri), don haka rage sauri da kashi 20 na iya rage cin wuta da kusan rabi. Sai dai akwai sharaɗin da masu tallar na'urar ba su cika jaddadawa ba: wannan lissafi ya fi aiki inda gugar ruwa da bangon bututu ce ke cin ƙarfin famfo. Inda aikin ɗaga ruwa ne zuwa tanki mai tsayi, ribar kaɗan ce, kuma idan aka rage saurin da yawa ruwan ba zai kai sama ba sam. A irin wannan wuri ya fi a rage faɗin farfelar, ko a sa ƙananan famfuna biyu ko uku a riƙa kunna su bi da bi.

Tura ruwa cikin tankuna da dare, lokacin da wuta ta fi araha, yana rage kuɗi amma ba ya rage makamashin da aka ci.

Yoyo

Duk litar da ta zube daga fasasshen bututu an riga an ɗebo ta, an tace, an tura. Wani rahoton Bankin Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa sama da kubik mita biliyan 32 na tsabtataccen ruwa ke yoyewa daga bututu a duniya kowace shekara. Hanyar da ta fi tasiri ita ce raba gari shiyya-shiyya, kowace da mitarta, a duba yawan ruwan da ke shiga da tsakar dare lokacin da mutane ke barci, domin mafi yawan abin da ke gudu a lokacin yoyo ne. Rage matsin ruwa da dare yana rage yoyon da fashewar bututu. Hukumar ruwa ta Nom Pen, babban birnin Kambodiya, ta rage ruwan da ba ya kawo mata kuɗi daga kusan kashi 72 a 1993 zuwa ƙasa da kashi 10 cikin shekara goma sha biyar, ko da yake adadin ya haɗa da satar ruwa da rashin mita, ba yoyo kaɗai ba.

Hura iska a ƙazamin ruwa

Yawancin manyan matatun ƙazamin ruwa suna bin tsarin da Edward Ardern da William Lockett suka bayyana a Mancesta ta Ingila a 1914. Ana tara ruwan a manyan kwaruruka ana hura masa iska, ƙwayoyin bakteriya su samu oksijin su cinye ƙazantar. Hura iskar kan ci rabin wutar matata ko fiye.

Girman kumfa na da muhimmanci a nan. Ƙananan kumfa suna tashi a hankali kuma suna haɗuwa da ruwa ta fuska mai faɗi, don haka sun fi manya sakin oksijin. Sannan ƙazantar da ke shigowa ba daidai take ba a yini: ta yi yawa da safe da yamma, ta ragu da dare. Matatar da ke hura iska bai-ɗaya tana ɓarnar wuta sa'o'i da yawa. Ana sa ma'aunin oksijin a cikin kwarin, a daidaita injin hura iska ya riƙe kusan miligiram 2 a kowace lita, wasu matatun kuma suna auna amoniya, wani sinadari mai naitirojin da ke cikin ƙazantar, kai tsaye su hura iska daidai da ita. Wani tsari da aka bunƙasa a Holan, mai amfani da bakteriyar anamoks, yana cire naitirojin da oksijin da ya yi ƙasa da wanda tsohuwar hanya ke buƙata da kusan kashi 60.

Wuta daga dagwalo

Dagwalon da ya kwanta bayan tacewa yana ɗauke da makamashi. Idan aka rufe shi a tanki marar iska a zafin kusan digiri 35, yana ruɓewa ya fitar da gas wanda kusan kashi 60 zuwa 65 nasa mitan ne, wata iska mai cin wuta. Ana ƙona gas ɗin a janareta, a yi amfani da wutar a matata, zafin injin kuma ya ɗumama tankin. Matatar Strass a Ostiriya da ta Marselisborg a birnin Aarhus na Denmak sun kai matsayin samar da wutar da ta fi wadda suke ci. Matatar hukumar ruwa ta EBMUD da ke Oakland a Kalifoniya ta kai wannan matsayi a 2012, bayan ta fara karɓar ragowar abinci da maiƙo tana haɗawa da dagwalo. Wajibi ne a kula da tankunan, domin mitan da ya sulale cikin iska ya fi hayaƙin kabon ɗumama duniya nesa ba kusa ba.

Awo, kuɗi da doka

Hukumomi da yawa suna karɓar takardar kuɗin wuta guda ɗaya ta matata baki ɗaya, ba su san abin da kowane inji ke ci ba. Aikin kan fara ne da sa mita a kan manyan injina da lissafa kilowat-awa nawa ake kashewa a kan kowace kubik mita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da makamashi, ISO 50001, wadda aka fitar a 2011, ta tsara yadda ake wannan bibiya. Wani cikas shi ne dokar sayen kaya da ke fifita mafi arha, alhali kuɗin wutar da babban famfo zai ci a tsawon rayuwarsa ya ninka farashinsa sau da yawa. Hukumar da ba ta da jari kan ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai sa kayan, a biya shi daga rarar kuɗin wuta. A Tarayyar Turai, dokar ƙazamin ruwan birane da aka sabunta a 2024 ta wajabta cewa nan da 2045 matatun da ke ɗaukar ƙazantar mutum 10,000 zuwa sama su samar da makamashi mai sabuntawa daidai da wanda suke ci, a lissafin ƙasa baki ɗaya.