Zanen cutar shawara: wa ya tsaya a ina, kuma wa ya tabbatar?

Wane zane ake nufi?

Wanda Dean Cornwell ya yi wa kamfanin magunguna na Wyeth, aka ƙaddamar a 1941. Yana nuna Dakta Jesse Lazear ya kifa kwalbar sauro a hannun abokin aikinsa Dakta James Carroll a kusa da birnin Havana na Kyuba, ga Manjo Walter Reed, shugaban tawagar likitocin sojan Amurka da ta yi gwajin gano yadda cutar shawara ke yaɗuwa, a tsaye, ga kuma Carlos Finlay, likitan Kyuba da tun 1881 ya ce sauro ne ke yaɗa cutar, aka yi ta yi masa kallon mai shirme.

Mai zane kuma ina ruwansa da binciken tarihi?

Saboda abin da ido ya gani a bango shi mutane ke riƙewa. Wanda ya sa hannu sosai a binciken tarihin da aka yi zanen da shi shi ne Dakta Philip Hench na asibitin Mayo, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1950. Ya tara wasiƙu da tsofaffin hotuna, ya nemo waɗanda suka ba da kansu a gwajin da ke raye lokacin, irin su John Moran da John Kissinger, ya ji daga bakinsu. Har Kyuba ya yi ta zuwa sai da ya gano ainihin wurin da Sansanin Lazear, inda tawagar Reed ta yi gwajin, yake, da ɗakin katakon da mutane suka kwana makonni cikin tufafi da mayafan marasa lafiya, masu aman jini, ba wanda ya kamu. Wannan ɗaki ne ya rushe zancen cewa ƙazantar kaya ke kawo cutar. Takardun Hench suna Jami'ar Virginia yanzu.

To, zanen ya faɗi gaskiya?

Ba duka ba. Ranar 27 ga Agusta 1900 da sauron ya ciji Carroll, Reed yana Amurka. Cornwell ya haɗa mutanen da ba su taɓa tsayawa tare a wannan rana ba. Carroll ya kwanta rai a hannun Allah, ya tashi. Lazear kuwa ya kamu, ya rasu ranar 25 ga Satumba.

Mutanen Kyuba fa, sun gamsu?

Sun daɗe suna ƙorafin cewa Amurkawa sun danne sunan Finlay, kuma a ganina suna da hujja. Mai zanensu, Esteban Valderrama, ya yi nasa, inda Finlay ne ke miƙa wa tawagar Reed ƙwan sauron da suka yi gwajin da shi. Haka kuwa aka yi.

Wa aka fi mantawa da shi?

Baƙin Sifaniyawa talakawa da suka sa hannu a takardar yarda, aka ba kowa dala 100, da ƙarin 100 idan ya kamu. Jikinsu aka yi gwajin da shi, kuma ya kamata duk mai binciken zane irin wannan ya nemo sunayensu kamar yadda yake nemo na likitocin.