Digiri na biyu don aiki a hukumomin ƙasa da ƙasa: wace makaranta za a nufa?

Da me ake farawa, sunan makaranta ko fannin karatu?

Da aikin da kake hange. Kafin ka duba jerin jami'o'i, je ka karanta sanarwar guraben aiki na hukumomin da kake sha'awa, ka ga me suke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman masanin yaɗuwar cututtuka. Bankin Duniya yana son masanin tattalin arziki da ya iya sarrafa alƙaluma. Shirin Abinci na Duniya kuwa yana cigiyar wanda ya san yadda ake isar da kaya inda hanya ta yanke. Digiri a hulɗar ƙasa da ƙasa yana da amfani, amma masu shi sun yi yawa. A ganina, wanda ya haɗa shi da wata ƙwarewa ta musamman, kamar shari'a ko ƙididdiga, ya fi saurin samun kira.

Dole ne sai da digiri na biyun?

Ba kullum ba. A Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙaramin matakin ƙwararrun ma'aikata da ake kira P-2 kan buƙaci digiri na biyu da gogewar shekara 2, P-3 da ke sama da shi kuma shekara 5. Sau da yawa ana karɓar mai digirin farko idan ya ƙara shekara 2 na aiki a kai. Akwai kuma jarrabawar matasan ƙwararru ta YPP, wadda digirin farko ya wadatar, muddin mutum bai wuce shekara 32 ba, kuma ƙasarsa na cikin waɗanda aka gayyata a shekarar. Ka ga ke nan takarda ba ta maye gurbin gogewa.

To manyan makarantun nan fa, suna ne kawai?

A'a. A Amurka, makarantar harkokin waje ta Jami'ar Georgetown tun 1919 take, makarantar Fletcher ta Jami'ar Tufts tun 1933, ita kuwa cibiyar nazarin ƙasa da ƙasa ta Geneva, inda Kofi Annan ya yi karatu, an kafa ta a 1927. Tsofaffin ɗalibansu sun bazu ko'ina, kuma su ne kan yi maka raɗa idan gurbi ya fito.

Sai dai abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne birnin da makarantar take. Ɗalibi a Geneva zai iya fita daga aji da rana ya shiga taro a ofishin Hukumar Ƙwadago ta Duniya ko ta 'yan gudun hijira kafin magariba. Washington na da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Roma na da hukumomin abinci da noma, Nairobi kuma hedkwatar shirin kula da muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya. Matsakaiciyar jami'a a irin waɗannan birane takan fi shahararriya da ke can nesa da kowa buɗe ƙofar horon sanin makamar aiki. Wasu hukumomin ba sa biyan ko kwabo a lokacin horon, ga Geneva da tsadar tsiya, don haka a sa wannan a lissafi.

Shekara ɗaya ko biyu?

A Birtaniya galibi shekara ɗaya ce, a Amurka biyu. Mai gogewa, shekara ɗaya ta ishe shi. Sabon shiga, ko mai sauya fanni, ya fi buƙatar biyu, saboda hutun tsakiya ne lokacin horo.

Ya dace a ci bashi?

Ni dai ina ɗari-ɗari da shi. Aikin farko a wannan fage sau da yawa kwantiragin 'yan watanni ne, shi kuwa bashi ba ya jira. A fara neman tallafi. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana buƙatar gogewar shekara 2, da sharaɗin komawa gida na shekara 2 bayan kammalawa. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai kan kai ɗalibi aƙalla ƙasashe biyu. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, ko da yake jihar Baden-Württemberg na cajin waɗanda ba 'yan Tarayyar ba yuro 1,500 a zango.

Harshe fa?

Harsunan Majalisar shida ne: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Amma a sakatariya da Ingilishi da Faransanci ake aiki. Makarantar da ke tilasta koyon harshe na biyu, kada ka guje ta don wahalar.

Me za a tambayi makarantar kafin a biya?

Ina waɗanda suka gama a shekarun baya-bayan nan suke aiki? Idan aka yi ta kame-kame, nemi ɗaliban da kanka ka ji daga bakinsu. Sannan ka tabbata sunan jami'ar na cikin kundin jami'o'in duniya na WHED, wanda Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya ke kula da shi tare da UNESCO, domin nan Majalisar ke dubawa kafin ta amince da takardarka.