Lafiyayyun 'yan sa kai a binciken magunguna

Lafiyayyen ɗan sa kai shi ne mutumin da ba shi da cutar da ake bincike a kanta, amma ya amince a gwada magani ko rigakafi a jikinsa, ko a ɗebi jininsa domin a kwatanta da na majinyata. Bambancinsa da majinyaci shi ne ba ya sa ran warkewa daga komai. Haɗarin nasa ne, amfanin kuwa na wasu.

Aikinsu

Bayan an gama gwada sabon magani a ɗakin bincike da jikin dabbobi, a jikin lafiyayyu ake fara gwada shi, yawanci mutum 20 zuwa 100. Ana farawa da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ana ɗibar jini da fitsari don a ga yadda hanta ke sarrafa shi, da yadda ƙoda ke fitar da shi, da irin illar da yake haifarwa. Wasu daga cikinsu ƙwaya marar sinadarin magani ake ba su ba tare da sun sani ba, domin a bambance illar gaske da ta zato. Magungunan ciwon daji ba a cika gwada su ga lafiyayyu ba saboda dafinsu. Da lafiyayyu kuma ake tabbatar da cewa maganin da wani kamfani ya kwaikwaya yana shiga jini daidai da na asali.

Tarihi

A 1796 likitan Ingila Edward Jenner ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8, James Phipps, ruwan ƙurjin shanu, daga baya ya sa masa na agana, yaron bai kamu ba. Wannan ne mafarin rigakafi, ko da yake babu mai kiran yaron ɗan sa kai a ma'aunin yau, tunda ɗan mai yi wa Jenner aikin lambu ne.

Takardar amincewa a rubuce ana yawan danganta farkonta da binciken zazzaɓin shawara da likitan sojan Amurka Walter Reed ya jagoranta a Kuba a 1900. Masu shiga sun sa hannu a kan sun san suna iya mutuwa, aka ba kowa dala 100, wanda ya kamu aka ƙara masa wata 100. Da su aka tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa cutar. A shekarar da ta biyo baya wata ma'aikaciyar jinya, Clara Maass, ta mutu a wani gwaji makamancinsa a Habana bayan ta yarda sauro mai cutar ya cije ta.

Ta'asar da likitocin Nazi na Jamus suka yi wa fursunoni ta hanyar gwaje-gwaje a jikinsu ta haifar da Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda sharaɗinta na farko shi ne yardar mutum ba tare da tilas ba. Sanarwar Helsinki ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya, kan ƙa'idojin bincike a jikin mutum, ta biyo baya a 1964. A garin Salisbury na Ingila kuwa, wata cibiyar binciken mura da aka buɗe a 1946 ta karɓi kimanin mutum 20,000 cikin shekara arba'in da 'yan kai. A lokacin a kan ɗiga musu ƙwayar cuta a hanci, su zauna a killace wajen kwana goma, har wasu suka mayar da abin tamkar hutu.

A watan Maris na 2006, a asibitin Northwick Park da ke Landan, maza shida da aka yi wa allurar maganin TGN1412 sun faɗa mummunan hali cikin sa'o'i, gaɓoɓin cikinsu suka fara tsayawa. Duk sun rayu, amma ɗayansu ya rasa yatsu. An yi musu allurar ne kusan a jere, shi ya sa yanzu ake fara ba mutum ɗaya, a jira a gani. A 2016 mutum ɗaya ya mutu a wani gwaji a birnin Rennes na Faransa.

A Nijeriya da Zariya

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin gwajin magani, sannan akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007. Duk binciken da za a yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, sai kwamitin ɗa'a ya duba shi tukuna.

Gwajin farko na sababbin magunguna bai yawaita a ƙasar ba. An fi buƙatar lafiyayyu a matsayin ma'aunin kwatance, kuma galibi ɗalibai ne, da ma'aikata, da masu ba da gudummawar jini. Aikin yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka: 'yan Afirka da yawa, alal misali, adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jininsu bai kai na Turawa ba alhali lafiyarsu ƙalau, don haka ma'aunin da aka ɗauko daga Turai yana iya sa likita ya zaci cuta inda babu.

Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, bai shafi lafiyayyu ba. Yara marasa lafiya ne kimanin 200, kuma 11 suka rasu. An yi jayayya kan musabbabin mutuwar da kuma yardar iyaye, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Har yanzu masu bincike a Arewa na cin karo da tambayar "Me za ku yi da jinina?" Saboda haka a kan fassara takardar amincewa zuwa Hausa, wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa gaban shaida ya dangwala yatsa. A ƙauyuka a kan fara gaida dagaci ko mai unguwa, amma izininsu ba ya maye gurbin yardar mutumin da kansa.

Biyan kuɗi

Ana biyan kuɗin mota da ladar lokaci. Ra'ayi ya rabu kan yawansa: wasu na ganin kuɗi mai tsoka na sa talaka ya rufe ido ga haɗari, wasu kuma na ganin ƙaramin biya ci da gumi ne.