Dokar ilimi dole ba ta ɗaure babba don bai iya karatu ba

Kwanan nan wata makwabciyarmu ta daina zuwa ajin yaƙi da jahilci na yamma. Dalili? An gaya mata wai rajistar da ake yi musu tarko ce, sunayen ne za a miƙa wa hukuma a ci tarar duk wanda ya girma bai yi boko ba. Maganar nan ba ta da tushe.

Dokar da ake nufi ita ce ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, ta shekarar 2004, wadda ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Lallai ta ambaci manya: a ma'anar da ta ba ilimin tushe ta haɗa da karatun manya, da makiyaya, da almajirai, da nakasassu. To amma "dolen" a kan yaro yake, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, shekara tara. Babu sashen da ya tilasta wa ɗan shekara arba'in komawa aji.

Hukuncin da ke sashe na 2 na uba ne, ko mariƙi, da ya ƙi kai ɗansa makaranta. Karon farko ma jan kunne ne kawai. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Ya sake, naira 5,000 ko wata biyu. Naira 50,000 da ake ta yayatawa kuwa daga wani ƙudiri ta fito, wanda Sanata Orji Kalu ya gabatar a 2023, shi ma kan iyaye yake magana. Ga abin da masu yaɗa jita-jita ba sa faɗa: wanda ya karɓi kuɗin makaranta a firamaren gwamnati shi ma mai laifi ne, tararsa na iya kaiwa naira 10,000 ko wata uku.

Inda abin ke ɗan ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓangaren gwamnati. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce za ta samar da karatun manya kyauta, amma ya liƙa sharaɗin "idan hali ya yi". Sashe na 6 kuma ya hana kotu tuhumarta a kan alkawuran babin da sashe na 18 yake ciki. Wato talaka an yanka masa wata ɗaya a rubuce, ita kuwa an bar mata ƙofar fita. Hukumar ilimin manya ta ƙasa tana nan tun 1990, Kano ma ta riga ta, da tata hukumar tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, amma a je ƙauye a ƙirga azuzuwan da ke buɗe.

Makwabciyar tamu dai na karanta mata sashen da bakina. Ta ce za ta koma ranar Litinin, in malamar ta zo.